Daga Ina Zan Fara Karanta Littattafan Almara? Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Karatu a Sakkwato

Tambayoyin nan su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ɗalibai da iyaye a nan Sakkwato, musamman waɗanda suka kalli fim ɗin wani littafi, ko suka ji abokai na ta zuzuta shi, suka ce bari su ma su taɓa. Amsoshin ra'ayin mai karatu ne, kuma inda na ga littafi bai dace da sabon shiga ba na faɗa, ko da kuwa duniya duka tana yabonsa.

Wai me ake nufi da littafin almara, kuma me ya raba shi da sauran ƙagaggun labarai?

Labari ne da aka gina a kan abin da ba ya faruwa a duniyar da muke ciki: dabbobi masu magana, zobe mai ɓatar da mutum, birnin aljannu, dodo mai fuka-fuki da ke aman wuta. Littafin soyayya ma ƙagagge ne, amma abin da ke cikinsa zai iya faruwa a Mabera ko Arkilla gobe da safe. Na almara kuwa marubucin yakan ƙirƙiri duniyarsa da dokokinta, wani lokaci har da taswira da tarihin sarakuna da harsuna, sa'an nan ya saki mutanensa a ciki. Yawancinsu jeri ne, littafi uku ko biyar ko bakwai, labari ɗaya yana ci gaba daga wannan zuwa wancan. A nan ne sabon mai karatu ke yin kuskuren zaɓi, don jerin da ya fi suna ba lalle ne shi ya fi sauƙin shiga ba.

Ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Da wanne zan fara?

Anya kuwa ba ka taɓa ba? Duk wanda ya zauna gaban kaka da dare ya ji yadda Gizo ya yaudari Kura, ko yadda Dodo ya haɗiye 'yan mata a bakin rafi, ya riga ya san hanyar. Don haka shawarata ta farko ita ce ka fara da Hausa, kuma ka fara da Abubakar Imam.

Ruwan Bagaja ya fito a 1934, bayan gasar rubutun Hausa da wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933. Jarumin labarin, Alhaji Imam, shi ne ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya ratsa garuruwa da ƙasar aljannu, a hanya kuma yana ta ramuwar gayya da Malam Zurƙe, yau wannan ya ɗana wa wancan tarko, gobe wancan ya rama. Ƙaramin littafi ne, ana gama shi tsakanin la'asar da isha'i. Amma duk abin da manyan littattafan Turawa ke taƙama da shi yana nan: tafiya mai nisa, abin nema guda ɗaya, abokin gaba da ya zama kamar abokin tafiya, da dawowa gida.

Daga nan sai Magana Jari Ce, juzu'i uku, wanda ya fara fitowa a 1937. Shi ne jerin almara na farko da nake miƙa wa kowa. A littafi na ɗaya aku ne ke riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. A na biyu ana gasar ba da labari tsakanin aku biyu. A na uku Waziri Aku na koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Imam ya ɗebo labaransa daga wurare da dama, har da Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, amma ya sa musu riga da rawani har ba ka gane baƙi ne. Da yawanmu mun karanta shi a makaranta don jarrabawa, muna neman jigo da salo. Ka sake ɗaukarsa yanzu da babu mai tambayarka komai, za ka ji daɗin da ka rasa a wancan lokacin.

Gandoki na Bello Kagara, yayan Imam, shi ma daga gasar nan ya fito. Ya fara da yaƙin da aka yi da Turawan mulkin mallaka, can tsakiya sai labarin ya tsallaka ƙasar aljannu. In ka ƙara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ka sami harsashi mai kyau.

Littattafan yaƙi da ake sayarwa a kasuwa fa, su ma almara ne?

Ƙwarai kuwa. Sadaukai, bokaye, matsafa, takobin da ba ya karyewa, aljani mai kai bakwai, duk almara ce tsantsa, kuma Abdulaziz Sani Madakin Gini ya yi suna a wannan fage. Akwai masu raina su, ni ban raina su ba, don sun sa samari da dama karatu waɗanda da ba za su taɓa buɗe littafi ba in ba na makaranta ba. Abin da ke damun wasunsu shi ne gaggawa: ana kashe dakaru dubu a shafi ɗaya, jarumi ba ya shakka, ba ya kuskure, kuma ba ka san abin da ke zuciyarsa ba. In ka gaji da wannan, alama ce lokaci ya yi da za ka gwada wani abu.

Turancina bai yi ƙarfi ba. Wane jeri na Turanci ne ba zai wahalar da ni ba?

Uku nake ambata, kuma kowanne da irin mutumin da ya dace da shi.

The Hobbit na J.R.R. Tolkien ya fito a 1937, shekarar da Magana Jari Ce ya fara fitowa. An rubuta shi don yara, shi ya sa harshensa ke da sauƙi da raha. Babin farko kaɗai ya isa ya kama Bahaushe. Bilbo, wani ɗan gajeren taliki mai son zaman lafiya da cin abinci a kan lokaci, yana zaune sai aka buga ƙararrawar ƙofa. Ya buɗe, wada ne mai dogon gemu, ya shigo ya rataye hularsa kamar an gayyace shi. Kafin Bilbo ya gama mamaki an sake bugawa, sai ga wani, sai ga biyu, har suka cika 13, kowa na faɗin abin da za a kawo masa. Bilbo na ta kai da kawowa tsakanin ɗakin ajiya da tebur, ransa a ɓace, amma kunya ta hana shi cewa su tashi. Washegari ya tsinci kansa a hanyar zuwa dutsen da dodo ke kwance a kan zinariya, ko hankici bai ɗauka ba. Littafi ɗaya ne cikakke, kuma shi ne ƙofar The Lord of the Rings.

Harry Potter na J.K. Rowling littafi 7 ne, daga 1997 zuwa 2007. Amfaninsa ga mai koyon Turanci shi ne yana girma tare da mai karatu. Na farko shafi 223 ne a bugun farko na Ingila, jimlolinsa gajeru. Na biyar ya kai shafi 766, amma kafin ka isa can ka saba, ba za ka ji nauyin ba. Duk wanda ya yi makarantar kwana zai gane wurin nan take: gidajen ɗalibai da gasarsu, malamin da ya tsane ka ba dalili, dokar hana fita da dare da kowa ke karyawa. Daga na huɗu labarin ya yi duhu, ana mutuwa ta gaske.

Na uku shi ne wanda na fi so, ko da yake bai kai waɗancan suna a nan ba: Earthsea na Ursula K. Le Guin, wanda ya fara da A Wizard of Earthsea a 1968, littafi 6 gaba ɗaya. Duniya ce ta tsibirai, yawancin mutanenta baƙaƙe ne da wankan tarwaɗa, abin da ba a saba gani ba a littattafan Turawa na wancan zamani. Ged yaro ne mai baiwa da girman kai. A makaranta wani ɗalibi ya tsokane shi, shi kuma don ya nuna isa ya kira ruhun wadda ta daɗe da mutuwa. Wata inuwa ta biyo ta ƙofar da ya buɗe, ta yage masa fuska, ta shiga farautarsa. Sauran littafin duka a kan yadda zai yi da abin da ya jawo wa kansa ne. Babu rundunonin yaƙi, babu surutu. Turancinsa ya ɗan fi na Harry Potter tsauri, amma littafin siriri ne, kuma wanda ya taso a gidan da ake yi masa faɗa a kan girman kai da ladabin ilimi zai ga kamar don shi aka rubuta.

Kowa na cewa The Lord of the Rings ne uban su duka. Me zai hana in fara da shi?

Uban su ne, ban musa ba. Ya fito juzu'i uku a 1954 da 1955, kuma kusan duk wanda ya rubuta almara da Turanci bayan nan ko dai ya bi sawunsa ko ya yi ƙoƙarin kauce masa. Amma Tolkien farfesan harshe ne a Oxford, kuma ba ya sauri. Tsakanin bikin da aka buɗe labarin da shi da ranar da Frodo, jarumin labarin, ya bar gida shekara 17 ne. Akwai waƙoƙi masu tsawo, akwai bayanin bishiyoyi da tuddai, akwai babi guda da dattawa suka zauna suna ta ba da tarihi. Mutane da yawa sun ajiye shi kafin su kai rabin juzu'in farko, suka yanke hukuncin cewa almara ba tasu ba ce. Ka karanta The Hobbit tukuna. In ka ƙare kana son sanin asalin zoben da Bilbo ya tsinta a cikin kogo, to ka shirya.

Akwai wanda ya shafi aljannu da duniyar Musulmi, ba dusar ƙanƙara da gidajen sarakunan Turai ba?

Akwai, kuma wanda ya fi shahara shi ne jerin Daevabad na S.A. Chakraborty: The City of Brass a 2017, The Kingdom of Copper a 2019, The Empire of Gold a 2020. An gama shi, ba jira. Labarin ya fara a Alƙahira a ƙarni na 18. Nahri 'yar damfara ce da ke karɓar kuɗin mutane da sunan cire musu aljannu, alhali ita kanta ba ta yarda da su ba. Wata rana a tsakiyar irin wannan wasa ta kira na gaske, ya kuwa zo. Daga nan aka ja ta zuwa birnin aljannu mai ganuwar tagulla, inda ƙabilu shida ke zaman doya da manja, ga kuma waɗanda suka haɗa jini da mutane ana wulaƙanta su.

Abin da zai ja hankalin Basakkwace shi ne ɗan sarkin birnin, Ali, saurayi mai riƙon addini, mai sallah a kan lokaci, wanda ya ga zaluncin da fadar mahaifinsa ke yi ya rasa yadda zai haɗa biyayya ga uba da tsayawa a kan gaskiya. Mu da muka taso muna jin tarihin malamai da sarakunan Gobir ba sai an yi mana dogon bayani a kan irin wannan tsaka mai wuya ba. Sai dai a sani, na manya ne. Akwai kisa mai muni, akwai shan giya, akwai soyayya iri-iri har da wadda addininmu da al'adarmu ba su yarda da ita ba. Marubuciyar ta kuma ɗauki abin da aka sani game da Annabi Sulaiman, alaihis salam, da aljannu ta yi ƙari irin na masu ƙaga labari, don haka kada wani ya ɗauke shi littafin tarihi ko na aƙida.

'Yan Najeriya ba sa rubuta irin wannan da Turanci ne?

Suna yi, tun da daɗewa ma. D.O. Fagunwa ya rubuta labarin maharbi a dajin aljannu da Yarbanci a 1938, Wole Soyinka ya mayar da shi Turanci. Amos Tutuola ya fitar da The Palm-Wine Drinkard a 1952. A na zamani, Nnedi Okorafor tana da jeri na littafi uku da ya fara da Akata Witch a 2011, kan Sunny, yarinya zabiya da aka haifa a Amurka aka dawo da ita Aba. Kamfanin Cassava Republic ya buga na farkon a Najeriya da sunan What Sunny Saw in the Flames, don haka in ka ga sunayen biyu kada ka saya sau biyu. Tomi Adeyemi ta fitar da Children of Blood and Bone a 2018, na biyu a 2019, na uku a 2024. Ta gina shi a kan al'adun Yarbawa, yana da gudu, ba ya barin mutum ya yi gyangyaɗi, amma ni na fi ganin ƙwarewa a wajen Okorafor. Suyi Davies Okungbowa kuma ya ɗauko ƙamshin tsohuwar daular Benin a Son of the Storm na 2021.

Malam, littattafan nan cike suke da sihiri da tsafi. Ya halatta Musulmi ya karanta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce zuwa, kuma ba ta wasa ba ce. Haramcin sihiri ba abin jayayya ba ne, aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta isa hujja. Abin da ake tattaunawa shi ne karanta ƙagaggen labari da sihiri ya fito a cikinsa, wanda mai rubutu da mai karatu duk sun san ƙirƙira ce. A nan malamai sun bambanta: akwai masu ƙyamar abin gaba ɗaya, akwai masu duba abin da labarin ke koyarwa da kuma halin mai karatun. Fatawa ba aikina ba ce, garin nan kuwa ba a rasa malamai ba, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa.

Abin da zan iya faɗa a matsayin mai karatu shi ne littattafan ba ɗaya suke ba. Kalmomin da ake furtawa a Harry Potter yawanci Latin ne da aka lanƙwasa, ba su buɗe ko ƙofar kaji. A The Lord of the Rings darasin gaba ɗaya shi ne zoben iko yana lalata duk wanda ya riƙe shi, ko da da kyakkyawar niyya ya ɗauka, kuma maganinsa a halaka shi. Wasu kuma an gina su kacokan a kan gumakan wata al'umma. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, babu abin da ya rasa na wajibi. Wanda kuma karatun ke sa shi jinkirta sallah, matsalarsa ba ta sihirin cikin littafi ba ce.

Ni uwa ce. Ɗana ɗan shekara 11 ya nace sai na saya masa. Wanne ya dace?

Hajiya, ki fara masa da Magana Jari Ce in bai karanta ba, sa'an nan The Hobbit, sa'an nan littattafai uku na farko na Harry Potter. Sauran huɗun ki dakata sai ya ƙara shekara biyu ko uku.

Akwai biyu da za a yi miki tallarsu a matsayin na yara, kuma na yaran ne, amma gara ki san abin da ke ciki. Narnia na C.S. Lewis littafi 7 ne, daga 1950 zuwa 1956, Turancinsu mai daɗi da sauƙi. Lewis marubucin addinin Kirista ne, kuma zakin nan Aslan da aka kashe ya tashi yana wakiltar aƙidarsu ne, ba a ɓoye ba. A biyu daga cikin littattafan kuma akwai wata al'umma masu duhun fata da rawani da lanƙwasassun takubba, masu bautar wani gunki, waɗanda aka zana a matsayin azzalumai. Yaro mai wayo zai lura da wa suka yi kama. Percy Jackson na Rick Riordan, wanda ya fara a 2005, yana da ban dariya sosai, amma jarumin ɗan gunkin teku ne na Girkawa, labarin duka a kan gumakan nan da 'ya'yansu yake. Wasu iyaye kan bari su karanta tare da yaron suna yi masa bayani, wasu kan ce a'a. Duka biyun na gane dalilinsu. Abin da ban so shi ne a miƙa wa yaro littafi don kawai an ga zanen yara a bangonsa.

Ni ɗalibin kimiyya ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne in an shiga matsala sai kawai a yi tsafi a fita. Akwai wanda ke da ƙa'ida?

Mistborn na Brandon Sanderson, littafi uku na farko daga 2006 zuwa 2008. A duniyar nan toka ce ke zuba daga sama, hazo na rufe gari da dare, wani sarki ya shekara dubu yana mulki. Masu baiwa sukan haɗiyi garin ƙarfe a cikin ɗan ruwa, kowane ƙarfe da aikinsa guda. Kuza na ƙara kaifin ji da gani. Wani ƙarfen na ba ka ikon tura duk wani ƙarfe da ke kusa, wani na jawo shi. In abin da ka tura ya fi ka nauyi, kai ne za ka yi baya. Shi ya sa jarumar, Vin, kan jefa kwabo a ƙasa ta tura shi, tun da ƙasa ba ta motsi sai ita ta yi sama, ta haye rufin gidaje. In ƙarfen cikinta ya ƙare, shi ke nan, ta koma mutum kamar kowa. Sanderson na gaya maka dokokin tun farko kuma ba ya karya su. Turancinsa a miƙe yake, ba ado, littattafan dai suna da kauri.

Game of Thrones fa? Na ga ana ta maganarsa.

Ba na ba sabon mai karatu shi, saboda dalili biyu. Na ɗaya, batsa da zubar da jini sun yi yawa ƙwarai, ba littafin da za ka bari a falo ba ne. Na biyu, ba a gama shi ba. George R.R. Martin ya fitar da na farko a 1996, na biyar a 2011, ya ce bakwai za su zama. Haka Patrick Rothfuss, ya fitar da The Name of the Wind a 2007 da na biyu a 2011, masu karatu suka zauna jiran na uku. Kafin ka sa kuɗinka da lokacinka a kowane jeri, ka bincika ko an kammala shi.

The Wheel of Time na Robert Jordan an kammala, amma littafi 14 ne, kalmomi sama da miliyan 4. Ya fara a 1990, Jordan ya rasu a 2007 bai gama ba, Sanderson ne ya ƙarasa ukun ƙarshe daga bayanan da ya bari, aka rufe a 2013. Na wanda ya riga ya kamu ne.

A ina zan same su a Sakkwato?

Na Hausa ba wuya. Masu sayar da littattafan makaranta a babbar kasuwa da shagunan cikin gari sukan ajiye Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, bugun kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, saboda ana karanta su a makarantu. Ka duba takardar da kyau kafin ka biya, akwai na jabu masu dusasshen rubutu da shafukan da suka ɓace. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo su leƙa ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo, sashen adabi.

Na Turanci sai an ɗan sha wuya. Wani lokaci akan ci sa'a a wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai, ka tarar da na uku da na biyar babu na ɗaya. In ka ga na ɗaya ka ɗauka nan take. Shagunan littattafai na Abuja da Legas irin su Roving Heights suna aikowa in an yi oda ta intanet, sai dai kuɗin aike kan kusa kai kuɗin littafin, don haka gara mutum uku ko huɗu su haɗa oda ɗaya, kowa ya sayi juzu'i guda a riƙa musanya. Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kamar fassarorin Dare Dubu da Ɗaya na Turanci da The Wonderful Wizard of Oz na 1900, suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. Waɗanda ake turawa a WhatsApp kuwa, na marubutan da ke raye, yawanci na sata ne, kuma marubutan Hausa ne suka fi kowa cutuwa da wannan.

Sunaye sun yi mini yawa, ina ruɗewa. Kuma kowane layi sai na buɗe ƙamus.

Ka daina buɗe ƙamus a kowane layi. In kalma ta fito sau uku ba ka gane ta ba, sa'an nan ka duba. Da yawa daga kalmomin ma ba sa cikin ƙamus, marubucin ne ya ƙirƙire su, kuma zai bayyana su a gaba. Sunaye kuwa, ka sami 'yar takarda ka sa a cikin littafin, ka rubuta sunan mutum da kalma biyu a kansa: wane, ƙanen sarki, wance, mai warkarwa. Taswirar da ke farkon littafi ba ado ba ce, ka riƙa komawa kanta. Ka ba littafi shafi 50 zuwa 60. In har lokacin ba ka damu da abin da zai sami kowa a ciki ba, ajiye shi ka ɗauki wani.



In na kalli fim ɗin, ba shi ke nan ba?

Finafinai uku na The Lord of the Rings da Peter Jackson ya yi a ƙasar New Zealand, 2001 zuwa 2003, suna da kyau, kuma suna taimaka wa wanda sunaye ke ruɗawa. Na Harry Potter guda 8 sun zubar da abubuwa da yawa, musamman daga littafi na huɗu. Matsalar fara kallo ita ce fuskar ɗan wasan za ta zauna maka a kai, ba za ka ƙara ƙirƙiro taka ba.

Me ya sa ba mu da irin waɗannan manyan jeri a kan tarihinmu?

Ba don rashin kayan aiki ba ne dai. Kangon Surame na nan a jihar nan, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, da ganuwarsa ta duwatsu. Ga Alƙalawa da labaran Bawa Jangwarzo, ga rijiyar Kusugu da macijinta a Daura, ga kirarin maharba da 'yan tauri da masunta, kowanne da duniyarsa. Tolkien da tsofaffin waƙoƙin Turai ta arewa ya yi gininsa, kuma abin da ke ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da bakin tsofaffinmu bai gaza nasa ba. Abin da ke wahala shi ne kasuwa: marubucin da ke buga littafi da kuɗin aljihunsa ba zai iya shekara biyar a kan labari ɗaya ba. Mai niyyar gwadawa ya kiyaye abu guda, Shehu da Bello da Nana Asma'u da sauran malaman jihadi ba mutanen da za a saka cikin labarin tsafi ba ne, jama'a ba za su karɓa ba. Zamanin da ya gabace su da ƙirƙirarrun masarautu sun ishe shi fili.

Ban ga ka ambaci Discworld ba, kuma abokina ya ce ya fi duka.

Abokinka na da hujja. Terry Pratchett ya rubuta littafi 41 a jerin nan, daga 1983 zuwa 2015, kuma ba dole ne a bi su a jere ba. Na bar shi ne saboda barkwanci ne da ke tsokanar sauran littattafan almara da kuma halayen Ingilishi, da wasa da kalmomi mai yawa. Wanda bai karanta waɗanda ake tsokana ba, rabin dariyar za ta wuce shi. Ka ajiye shi sai ka gama jeri biyu ko uku, sa'an nan ka fara da Guards! Guards! ko Mort, kada ka fara da na farkon jerin.